Gargaɗi ga masu kiwon murjani: hattara da masu sayar da "maganin dawo da launi"

'Yan uwa masu kiwon murjani, wato halittar teku mai rai, a akwatin gilashi na ruwan gishiri, ku buɗe ido. Akwai 'yan damfara da suka mayar da firgicinmu sana'a. Da zarar mutum ya nuna hoton murjaninsa mai ƙashi, irin su Acropora ko Montipora, yana kukan launi ya fara koɗewa, sai saƙo ya faɗo masa ta bayan fage. Mai saƙon zai ce ya duba hoton, wai ƙarancin wasu sinadarai ne, kuma yana da haɗi na musamman da ke dawo da launi cikin 'yan kwanaki. Daga nan sai matsin lamba: in ba ka yi sauri ba murjanin zai mutu. Ba zai tambaye ka zafin ruwa ba, ba zai nemi sakamakon gwaji ba, ba ruwansa da wace fitila ka ɗora ko yaushe ka canza ta.

Wannan rashin tambayar ne ke tona masa asiri, domin koɗewar launi ba matsala ɗaya ba ce. A cikin naman murjani akwai ƙananan halittu dangin gansakuka da ido ba ya gani, masana na kiransu zuzanteli. Su ke sarrafa haske su ba murjanin mafi yawan abincinsa, su ke kuma ba shi launin ƙasa-ƙasa. Idan ruwa ya yi zafi, ko aka kunna masa sabuwar fitila mai ƙarfi farat ɗaya, sai ya kore su ya yi fari fat. Amma matso da ido: za ka ga naman na nan, shara-shara, ana hango ƙashi ta cikinsa, ƙananan bakunan suna miƙewa. Wannan da ransa, kuma yana iya farfaɗowa. Idan naitret da fosfet, sinadaran abinci da ke cikin ruwan, suka yi ƙasa har gwaji ya nuna sifili, launi kan dusashe a hankali, yunwa ce ke damunsa. Idan kuma suka yi yawa, ko haske ya gaza, zuzantelin ne ke ninkuwa su danne kore da shuɗi da ja, murjanin ya koma ruwan ƙasa. Ɗaya ƙarin abinci yake so, ɗaya ragi yake so. Wace kwalba ce za ta yi aiki biyu masu karo da juna?

Wanda ya fi tsorata ni shi ne mai saɓulewar nama, inda ƙashi ke fitowa tsirara, sau da yawa daga gindi zuwa sama, wani lokaci cikin kwana ɗaya. Hawa da saukar alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na tare tsami, na daga cikin abubuwan da ke jawo shi. Akwai kuma ƙwari: tsutsa mai faɗi da ke cin Acropora tana barin tabo zagayayyu, ta zuba ƙwai a gindinsa, da wata farar ƙaramar halitta mai laɓewa a ƙarƙashin Montipora tana cinsa. A irin wannan hali kowace rana tana da tsada. Mutumin da ya kamata ya yanke reshen da ke da lafiya ya ware shi, ko ya tsoma murjanin a maganin ƙwari, sai ya zauna yana jiran kwalba ta iso.

In ta iso ma, duba jikinta. Ba jerin abin da ke ciki, ba adadi, ba sunan kamfani, sai "zuba ɗigo kaza kullum". Ƙanƙanin sinadarin jan ƙarfe ya isa ya kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi, kuma ko aidin, da ake zubawa da niyyar gyara, yana cutarwa in ya wuce kima.

Hotunan "kafin" da "bayan" su ne tarkon. Na farko an ɗauke shi da farin haske, na biyu da shuɗin haske mai ƙarfi, wanda ke sa launukan murjani su riƙa ƙyalli, sannan an ƙara masa armashi a waya. Kada ka kalli murjanin, kalli yashi ko farin gindin da aka manna shi a kai. In sun koma shunayya ko shuɗi shar, haske ne ya canza, ba lafiyar murjanin ba. 'Yan damfarar nan ne dai ke sayar da murjanin da ya riga ya yi fari da sunan "iri mai wuyar samu", wasu har rina shi suke yi. Rinannen za ka ga launinsa bai ɗaya ko'ina kamar fenti, bayan makonni ya wanke, a bar ka da maras lafiya.

Kafin ka saki ko sisi, auna ruwanka. Zafi wajen digiri 25 zuwa 26 a ma'aunin Salsiyas, gishiri 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, alkaliniti tsakanin 7 da 9 a ma'auninsa na dKH, kalsiyam 400 zuwa 450 ppm (kashi cikin miliyan), magnesiyam wajen 1300 ppm. Abin da ya fi muhimmanci shi ne waɗannan lambobi su zauna daram, ba sai sun dace da wata lamba guda ba. Ka tuna me ya canza a makonnin baya, ka leƙa murjanin da tocila da dare don neman ƙwari. In har kana zargin ƙarancin ƙananan sinadarai, akwai gwajin ICP da ake tura samfurin ruwa ɗakin bincike, su faɗa maka abin da ya rage da abin da ya yi yawa.

Wanda ya riga ya zuba haɗin nan, ya dakata yau. Ya sa sabon gawayin tace ruwa, ya canza wani kaso na ruwan da sabon ruwan gishiri wanda zafinsa da gishirinsa suka yi daidai da na ciki, ya rage haske kaɗan in murjanin fari ya yi. Kada ya goge saƙonnin da shaidar biyan kuɗi, da su zai kai ƙarar mai sayarwar a dandalin da suka haɗu, ya kuma nemi a mayar masa da kuɗinsa.