Sharhi: Yawon tarihi na yini guda a Badagry lokacin dogon hutu

Da makarantu sun rufe a ƙarshen Yuli, masu shirya yawon buɗe ido a Legas sukan fara tallar tafiyar yini guda zuwa Badagry. Tsarin kusan iri ɗaya ne ko wa ya shirya: mota ta ɗauki mutane da safe, a haɗa su da mai rakiya ɗan gari, a zagaya gidajen tarihi uku ko huɗu a bakin ruwa, a ƙetare da kwale-kwale zuwa tsibirin Gberefu, inda a da ake fitar da bayi zuwa teku, a dawo gida kafin dare. Ga iyalan Hausawa na Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago, da malaman Islamiyya masu neman inda za su kai ɗalibai, tafiyar ta cancanci kuɗinta. Sai dai akwai sharaɗi biyu. Na farko, kada a bar wa mai shiryawa tsara jerin wuraren shi kaɗai. Na biyu, a je da sanin cewa mai rakiya zai ba da rabin labarin ne, rabin da ya shafe mu kuwa sai an tafi da shi daga gida.

Badagry na yammacin jihar Legas, dab da iyakar Seme da ƙasar Benin, kuma garin mutanen Ogu ne, waɗanda aka fi sani da Egun. Sarkinsu ana kiransa Akran. Wanda ya taso daga Agege ba sai ya bi ta Oshodi da Mile 2 ba. Ya bi Iyana Ipaja, ya ratsa Igando, ya faɗa babban titin Badagry a Iyana Iba kusa da jami'ar LASU. Mutanen Alaba Rago kuwa a bakin hanyar suke. Cunkoso ya fi kamawa a Iyana Iba, Okokomaiko da Agbara, shi ya sa motar da ta tashi bayan sallar asuba takan isa cikin awa biyu zuwa uku, wadda ta tsaya jiran mutane har ƙarfe takwas kuwa tana iya cinye rabin yinin a kan titi. Hanyar iyaka ce, akwai shingayen bincike, don haka kowane babba ya riƙe katin shaidarsa, mai kula da ɗalibai kuma ya riƙe takarda mai sunayen yaran.

Kafin a ba da ko sisi, a sa mai shiryawa ya rubuta abin da kuɗin ya ƙunsa. A nan rigima ta fi tashi. Gidajen tarihin ba a hannu ɗaya suke ba: wani na gwamnatin jiha ne, wani na coci, wasu kuma na iyalai ne da suka gaje su, kuma kowanne da nasa kuɗin shiga. Kwale-kwale ma daban ake biya. Idan aka ce maka “komai na ciki” ba a lissafa ba, za ka tsinci kanka kana ciro kuɗi a kowace ƙofa. A riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin tura kuɗi ta waya na iya maƙalewa, ga mutum talatin tsaye a rana suna jira.

Wurin da ya fi kowanne nauyi shi ne gidan Seriki Williams Abass, kurkukun bayi da aka gina a shekarun 1840. Ɗakuna 40 ne a harabar, amma kaɗan aka bari yadda suke don masu ziyara, sauran mutane na zaune a ciki. Gida ne na jama'a, saboda haka a yi sallama, kada yara su riƙa leƙa ɗakunan mutane ko ɗaukarsu hoto. Ɗakin da ake nunawa ɗan ƙarami ne, duhu, da 'yar taga guda can sama, kuma masu rakiya sukan ce har mutum 40 ake cusawa a ciki. Kada a shiga a yi hoto a fito. A shigar da mutum goma, a tsaya minti biyu ba magana, zafin da ƙarancin iskar za su yi bayanin da baki ba zai iya ba. Mai ciwon asma ko mai tsoron matsatsi ya tsaya daga bakin ƙofa.

Shi kansa mai gidan labarinsa abin tsayawa ne a kai. Bayarabe ne da aka kama tun yana yaro aka sayar, ya kai har Brazil, ya dawo ya shiga cinikin da aka yi da shi, daga baya ya zama jagoran Musulmin Badagry kuma mai faɗa a ji a zamanin Turawa, ya rasu a 1919. Mai rakiya nagari ba ya ɓoye wannan, kuma bai kamata malamin da ya kawo ɗalibai ya kauce wa tambayar da yara za su yi ba: yaya Musulmi ya yi wannan sana'a? Gara su ji amsar gaskiya daga bakin malaminsu a wurin, cewa cinikin bai tsaya kan Turawa kaɗai ba, sarakuna da attajiran ƙasar nan, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, sun ci riba a cikinsa. A lura kuma da shekarun: Birtaniya ta haramta cinikin tun 1807, amma ga kurkuku ana ginawa bayan shekara talatin da ɗoriya, domin Brazil ba ta rufe ƙofar shigo da bayi da gaske ba sai 1850, ba ta kuma soke bautar kanta ba sai 1888.

Gidan tarihin iyalan Mobee ƙarami ne, minti ashirin ya isa. Amfaninsa shi ne ana barin mutum ya taɓa ƙarafan: sarƙar wuya, mari na ƙafa, har da ƙanana da aka ƙera don yara. Wasu masu rakiya sukan rataya wa baƙo sarƙar a wuya don ya ji nauyinta. Ga babba ba laifi in yana so, amma ban ga dalilin ɗora wa ƙaramin yaro ita don hoto ba. Babban gidan tarihi na gwamnati, wanda ke cikin tsohon ofishin Di'o da aka gina a 1863, ya fi tsari, da hotuna da taswirori da bayanai a rubuce da Turanci. Nan ne ya dace a zauna a yi wa yara fassara a natse.

Sai benen da ake kira bene na farko a Najeriya, wanda 'yan mishan na CMS, ƙungiyar cocin Anglican, suka kammala a 1845 ƙarƙashin Rabaran Gollmer, inda Samuel Ajayi Crowther ya zauna, wanda ya yi aikin fassara Baibul zuwa Yarabanci. Ginin na da kyau, matakalarsa ta katako ce kuma siririya, a hau mutum biyar-biyar. Amma Bakatsine ko Bakano zai yi wuya ya haɗiye sunan nan. Hasumiyar Gobarau ta Katsina, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ta riga shi da ɗaruruwan shekaru, kuma benayen ƙasa ba baƙon abu ba ne a tsofaffin biranen Hausa. Abin da ya fi daidai shi ne a ce bene na farko irin ginin Turawa. Ba abin jayayya da mai rakiya ba ne, a gyara wa yara kawai. Ba nisa daga nan akwai alamar da aka kafa a gurbin bishiyar Agia, inda Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin Kiristanci a 1842. Bishiyar ta faɗi a 1959. Tsayuwar minti biyar ce.

Haka batun shekaru. A kasuwar bayi ta Vlekete za a ji ana ambaton 1502 a matsayin shekarar da aka kafa ta. Masu binciken tarihi sun fi danganta bunƙasar Badagry a matsayin tashar bayi da ƙarni na 18, bayan da masarautar Dahomey ta ci Allada a 1724 da Ouidah a 1727 (duk a ƙasar Benin ta yau), mutane da 'yan kasuwa suka gudo gabas. Labarin baka na da matsayinsa, amma ɗalibin da zai rubuta jarrabawa ya san bambancin.

Babban giɓin wannan yawo, wanda ya fi damuna, shi ne da wuya mai rakiya ya ambaci Arewa, alhali zaren labarin ya ratsa ta ƙasar Hausa. A ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, Hausawa da yawa da aka kama a yaƙe-yaƙe an gangaro da su ta ƙasar Oyo zuwa tashoshin wannan gaɓa, Legas da Badagry da Porto-Novo da Ouidah, aka loda su zuwa Bahia a Brazil. Can ma ba su kwanta ba: Hausawa ne kan gaba a yunƙurin tawayen bayi na 1807 da na 1814 a Bahia, kuma a Janairun 1835, cikin watan Ramadan, Musulmin birnin Salvador na Bahia, galibinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka yi boren da aka fi sani a tarihin bauta a Brazil. A jikin waɗanda aka kashe an samu layu da takardu da rubutun Larabci. Yaron da ke zuwa makarantar allo a Agege in ya ji haka yana tsaye a bakin ruwan Badagry, ba zai ɗauki wurin a matsayin tarihin wasu ba.

Akwai ƙari. Daga Badagry Baturen nan mai yawon bincike Hugh Clapperton ya kama hanya a Disambar 1825 tare da Richard Lander, ya bi ta tsohuwar Oyo da Bussa da Kano har Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can kuma ya rasu a Afrilun 1827. A Legas kuwa, a 1863 jami'in Birtaniya John Glover ya kafa rundunar Hausawa, mafi yawansu waɗanda suka tsere daga bauta, rundunar da ake lissafawa a matsayin tushen sojan Najeriya. Duk wanda zai jagoranci ayari ya rubuta waɗannan a takarda ɗaya ya karanta a mota. Ya kuma gaya wa mai shiryawa tun da wuri cewa ana son mai rakiya mai haƙurin jiran tafinta, domin bayanin da Turanci ko Turancin buroka ake yi, kuma dattawa da mata da yawa a ayarinmu sai an juya musu zuwa Hausa. Wannan kan ninka lokacin kowane wuri, a sa shi cikin lissafi.

Yanzu ƙetarawa zuwa Gberefu. Masu rakiya sun fi son barinta ƙarshe domin nan labarin ke ƙarewa, amma a aikace kuskure ne. Lokacin yara sun gaji, ruwan sha ya ƙare, ga hadarin yamma. Agusta kan zo da ɗan tsagaitawar ruwan sama a Legas, amma ba alkawari ba ne, Yuli kuwa damina ce sosai. Abin da ya fi: a fara da gidan Seriki Abass, a ƙetare kafin sha ɗaya, a bar sauran gidajen masu rufi zuwa bayan azahar. Ƙetarawar 'yan mintoci ce, amma kowa sai ya sa rigar ceto kuma a ɗaure ta, ba a rataya ba. A duba ko akwai ta yara, domin ta manya kan zame ta kan ƙaramin yaro in ya faɗa ruwa. In matuƙi ya ce a ƙara mutum biyu a kan adadin kujeru, a ƙi, a yi sawu biyu.

Daga inda aka sauka zuwa bakin teku tafiyar ƙasa ce ta kamar minti ashirin zuwa talatin, cikin rairayi, inuwa kaɗan. Takalmi mai tsini ko silifas mai santsi wahala ne, kuma keken guragu ba ya tafiya a wurin. Dattijo mai ciwon gwiwa gara ya jira a bakin gari. A tanadi aƙalla lita ɗaya da rabi na ruwa ga kowane mutum, da lema. A tsakiyar hanya akwai rijiyar da ake cewa ana shayar da bayi ruwanta don su manta gida. Labarin baka ne, a saurara, amma kada kowa ya ɗanɗana. A ƙarshen hanyar ne ake kira Point of No Return, wato wurin da ba a dawowa, inda a da ƙananan jirage ke kwasar bayi zuwa manyan da ke jira a teku. Igiyar ruwan wurin na da ƙarfi kuma tana ja ciki. Kada a bar yaro ya shiga ko da iya gwiwa, kuma a ware babba ɗaya ga kowane yara biyar tun daga cikin mota.

Game da bikin gari: a watan Agusta ake bikin Badagry, wanda ke zagayowa kusa da 23 ga wata, ranar da UNESCO ta ware don tunawa da cinikin bayi da soke shi, saboda boren da ya tashi a Haiti a 1791. Ana kaɗa manyan gangunan Sato, dodannin Zangbeto na fitowa, gari ya cika. Mai son kallon al'adun Ogu ya nemi jadawalin shekarar kafin ya sa rana. Mai son yara su fahimci tarihi kuwa ya kauce wa ranakun, domin ɗakunan ƙanana ne, layi na tsawo, mai rakiya kuma sauri yake ya karɓi ayari na gaba. Iyalan da ba sa son kallon dodanni su ma tsakiyar mako ta fi musu.

Abinci shi ne inda masu shiryawa suka fi rauni, sau da yawa ɗan ƙunshin shinkafa ne da ya huce tun safe. Gara a taho da girkin gida a kula, a ƙara da soyayyen kifi da ruwan kwakwa, waɗanda Badagry ke da su a wadace. Akwai masallatai a cikin gari, amma a tsibirin kada a sa ran wurin alwala ko ban ɗaki mai kyau, a taho da buta da tabarma. Yara 'yan ƙasa da shekara takwas ba za su ƙaru da yawa ba, kuma sarƙoƙin na iya firgita su.

A sa wa direba sharaɗi mota ta bar Badagry kafin ƙarfe huɗu. Bayan haka za a haɗu da masu tashi daga kamfanonin Agbara da 'yan kasuwar Alaba a kan titi ɗaya, magariba ta riski ayari a Okokomaiko.