Takunkumin kyalle ko na kwando, da yadda ake awon bakin kare kafin a saya

Malam, ka ce za ka kai karenka allurar rigakafin ciwon haukan kare a asibitin dabbobi na ABU da ke Samaru, kuma yana kai cizo in baƙo ya taɓa shi, sai ka ga takunkumi iri biyu wajen masu sayarwa, na kyalle da wanda yake kamar kwando, kana tambayar wanne ya fi kuma ya za ka gane wanda zai yi masa daidai. Toh ni dai na kwando zan ce maka, amma ba a komai ya fi ba.

Na kyallen ya fi araha, yana shiga aljihu, kuma kafin kare ya ankara an zura masa, shi ya sa likitocin dabbobi ke amfani da shi lokacin allura ko yanke farce. Aikinsa kenan ya damƙe baki ruf. Kuma nan matsalarsa take, don kare ba ya gumi irin namu, ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafa ne kawai, da haki yake fitar da zafin jikinsa, ya wage baki ya zaro harshe. Ka duba zafin Zariya a Maris da Afrilu da yake kusan kai digiri 40, ace ka ɗaure masa baki tun daga Tudun Wada ka sa shi a Keke Napep har Samaru ga go-slow ɗin Kwangila, wallahi zafi kaɗai zai iya kashe shi, ba ya iya shan ruwa, in amai ya taso masa kuma ya shaƙe. Na 'yan mintuna ne, kana tsaye a kansa, a gama a cire. Kuma gabansa a buɗe yake, in ya ɗan yi sako-sako kare na iya mintsinar mutum da haƙoran gaba.

Na kwando kuwa bai matse bakin ba, kewaye shi ya yi, kare zai yi haki ya sha ruwa har ka miƙa masa ɗan nama ta ramukan, amma haƙori ba zai kai ga mutum ba. Ya fi tsada, ya fi wahalar samu, kuma in awon bai yi ba ya goge masa karan hanci ko ya sa ƙafa ya fige shi. Akwai na roba, akwai na waya. Na roba ba nauyi, irin su Baskerville Ultra har ana tsoma shi a ruwan zafi a ɗan buɗa shi ya dace da bakin. Na waya ya fi ƙarfi kuma iska ta fi shiga, shi nake ganin ya dace da manyan karnukan gadi irin Boerboel da Rottweiler masu cizo da gaske, sai dai ƙarfe ne, in ya sha rana yana zafi. Baduku ma zai iya ɗinka maka na fata in ka ba shi awo, ka dai ce ya bar ramuka manya.

Yanzu awon, wanda nan ne yawanci ake tafka kuskure. Ka ari tef ɗin tela, in karen na tsoronsa ka yi da zare daga baya ka ɗora a kan rula. Kai da ya saba da kai za ka auna, lokacin da ya ci ya natsu. Fara da tsawo, daga kamar santimita 1 ƙasa da idanu zuwa tsinin hanci, sai ka ƙara kamar santimita 1 don kada hancin ya riƙa dungurar gaban takunkumin, kada kuma ya yi tsawo har ya hau idanu. Sai kewayen baki a inda ya fi kauri, can kusa da idanu, baki a rufe, kar ka ja tef ɗin ya matse. In na kyalle za ka saya wannan awon ya kusa isarka. In na kwando ne akwai wanda ya fi su duka muhimmanci, awon baki a buɗe. Ka bari ya ɗan yi gudu ya fara haki, ko ka ba shi ƙwallo ya riƙe a baki, ka auna daga saman hanci zuwa ƙasan haɓa, zurfin kwandon dole ya ɗauki wannan buɗewar. Wanda ya auna baki a rufe kawai ya sayi na kwando, toh kusan na kyalle ya saya da tsada. Na ƙarshe kewayen wuya ta bayan kunnuwa inda maɗaurin zai zauna, yatsa ɗaya ya iya shiga ƙarƙashinsa, kar ya wuce haka.

Kar ka biye wa lambar da ke jikin leda, lamba 4 ta wannan kamfani ba ita ce 4 ta wancan ba, kuma masu rubuta sunan irin kare a jiki ba su san karnukanmu na gida ba, irin na 'yan farauta bakinsu dogo ne siriri, wanda ya yi musu a tsawo sai ya yi musu faɗi. Ka tafi da awonka da tef ɗin ka auna takunkumin da kanka a shago.

Kar kuma ranar asibitin ta zama ranar da ya fara ganinsa. Tun kwanaki kafin nan ka riƙa sa ɗan nama a cikin kwandon yana cusa bakinsa da kansa, sai daga baya ka fara ɗaure maɗaurin na ɗan lokaci. In kuma tsautsayi ya sa ya cije ka wajen awo, tunda ba a yi masa allurar ba tukuna, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 ka wuce asibiti a ranar.