Wace Na'ura Ta Dace da Auna Halayen Lantarki na Haɗaɗɗun Kayayyaki?

Kafin a duba kundin kowane kamfani, ya kamata mai saye ya san irin samfurin haɗaɗɗen kaya (wanda aka yi da haɗin abubuwa biyu ko fiye) da zai riƙa aunawa da kuma firikwensin (yawan kai-komon lantarki a daƙiƙa, wanda ake aunawa da Hz) da kayan za su yi aiki a kai, domin robar da aka haɗa da zaren gilashi, irin allon FR-4 da ake ɗora sassan lantarki a kai, tana tare lantarki, alhali wadda aka cika da garin kabon tana iya barinsa ya wuce.

Ga mai son sanin yadda samfuri ke riƙe caji da yawan makamashin da yake ɓatarwa ya zama zafi, na'urar LCR, wato mai auna indoktans, kafasitans da turjiya, ce mafi sauƙin kuɗi. Misalinta, Keysight E4980A, tana aiki daga 20 Hz zuwa 2 MHz, kuma ta wadatar ga gwajin sa samfuri tsakanin faranti biyu da ƙa'idar gwaji ta ASTM D150 ta tsara. Idan ana bukatar wuce nan, na'urar E4990A ta kamfanin Keysight ɗin tana kaiwa 120 MHz. Kayan eriya da rada kuwa sai na'urar VNA mai auna sigina mai babban firikwensi, wadda tsadarta ba ta da amfani ga wanda aikinsa bai kai gigahaz ba.

A ganina, abin da masu saye suka fi sakaci da shi shi ne mariƙin samfuri. Fuskar haɗaɗɗen allo ba kasafai take da santsi sosai ba, sai iska ta maƙale tsakaninta da farantin awo. A samfuri mai kaurin milimita 1 wanda ainihin adadin riƙe cajinsa (permittivity) 4.5 ne, ratar milimita 0.05 kacal, wadda ba ta fi kaurin gashi ba, tana sa na'ura ta nuna ƙasa da 4. Saboda haka gara na'ura matsakaiciya da mariƙi mai zoben kariya kewaye da farantin awo, irin Keysight 16451B, ko a shafa wa samfurin fentin azurfa, da babbar na'ura a kan faranti mara kyau. Wannan matsala ce ta sa sandar awo ta kowaksiyal, wadda ake manna bakinta a jikin samfuri, ta fi dacewa da ruwa da abubuwa masu laushi fiye da allo mai tauri.

Auna turjiya, wato yadda kaya ke hana lantarki wucewa, wani sayen ne daban. Kayan da ke tare lantarki suna bukatar elektiromita, wato na'urar auna lantarki ɗan ƙanƙani, irin Keithley 6517B, mai ba da har volt 1000, bisa ASTM D257. Masu kabon da yawa kuwa a auna su da tsinken awo huɗu, don kada turjiyar wayoyi da mahaɗa ta shiga lissafi, kuma idan masu zaren kabon ne a auna ta tsawon zaren da ta gicciyensa, domin sakamakon yakan bambanta ƙwarai.