Robar Kong da na saya wa karena mai cin tsakuwa

Jama'a bari in ba ku labarin robar nan don na san akwai masu fama irin nawa. Karena tun yana wata 5 ya fara tsintar tsakuwa yana haɗiyewa, safa, leda, kai har ƙasa sai ka ga ya duƙa yana lasa, ni kuma na ɗauka ƙaiƙayin haƙori ne tunda lokacin famfara ne. Sai ranar da na ajiye masa kwano ya shinshina ya kau da kai, ga amai, wallahi hankalina ya tashi.

Likitan dabbobi ya ɗaga leɓensa ya nuna min dasashi ya yi fari fat, aka gwada kashinsa ashe tsutsar ciki ce ke shan jininsa. Ya ce wannan ciye-ciyen sunansa pica, ƙarancin jini na kawo shi, kaɗaici da rashin abin yi ma na kawowa. An yi hoton ciki, Allah ya taimaka ba abin da ya toshe hanji, don da tiyata ce. Bayan an gama magani ya dawo cin abinci amma tauna kaya bai bari ba, shi ne likitan ya ce in nemo Kong.

Roba ce mai kauri da rami a ciki. Ja ta kare na yau da kullum ce, baƙa kuma ta masu ƙarfin muƙamuƙi, ni baƙar na ɗauka. Ina jiƙa abincinsa in cusa a ramin in saka a firiza, in na ba shi sai ya danne ta da ƙafafu biyu yana zura harshe wajen minti 30 ko kallona ba ya yi. In ka wurga ta kuma ba ka san inda za ta yi tsalle ba, ya yi ta binta har ya gaji ya kwanta.

Ku sayi babba wadda ba za ta shige maƙogwaro ba, kuma a wanke ramin da buroshi kullum. Amma don Allah in kare ya wuni ya kwana bai ci ba, balle yana amai, kar a tsaya sayen roba, a kai shi asibiti tukuna. Nawa yau wata 4 ban sake ganin tsakuwa a bakinsa ba.