Tsohon keke, keken giya ko na tsere: wanne ya dace da hanyoyin Damagaram?

Ƙanena, ga tambayarka kamar yadda na fahimce ta: kana da tsohon Phoenix da kake zagaya gari da shi, daga Birni zuwa Zango zuwa Kasuwar Dole, yanzu kuma ranka na son doguwar tafiya, Mirya tukuna, daga baya Takeita, wataƙila har Magarya. Shin ka gyara na hannunka, ko ka sayi keken giya na hannu irin wanda ake kira VTT, ko ka tara kuɗi ka sayi na tsere mai siririyar taya? Ni dai shawarata keken giya na hannu, marar sifirin, kuma kada ka sayar da tsohon.

Mu fara da na gida, domin mutane na raina shi fiye da kima. Irin waɗannan kekuna, Phoenix na Sin, Hero na Indiya, da Raleigh na Ingila da duk suka kwaikwayi ƙirarsa, an yi su ne don wahala. Jikinsu ƙarfe ne zalla, idan ya tsage mai walda zai ɗinke maka shi nan take. Tayarsu inci 28 ce, kuma babbar taya ta fi ƙarama iya haye rami da gargada. Zama a kansu a miƙe yake, baya ba ya ciwo. Abin da ya fi duka, babu mai gyaran keke a ƙarƙashin bishiya, daga nan har ƙauyen da ya fi kowane nisa, da zai kalle shi ya ce bai san kansa ba. Kaca, boris, feda, robar birki, duk suna rataye a rumfa. Mirya kilomita 18 ce ko sama kaɗan, a kan kwalta. Tsohon kekenka zai kai ka ya dawo da kai, ba ko tantama, in dai an sa masa giris an ɗaure wayoyin taya.

Matsalarsa guda biyu ce, nauyi da rashin giya, kuma ta biyun ce babba. Nauyinsa ya kai kilo 20 ko kusa, amma a shimfiɗaɗɗiyar hanya nauyi ba ya damun mutum sosai da zarar keke ya ɗauki gudu. Giyar ce abin dubawa. Haƙoran babban faifan gaba yawanci 44 ne, na baya 18 ko 20, wato duk zagaye ɗaya na feda yana tura ka mita 5 zuwa 5 da rabi, ko kana gangara, ko kana hawa, ko iska na dukan ƙirjinka. Ba ka da zaɓi. A cikin gari ba ka jin wannan. A kilomita ta 40, gwiwa ce za ta faɗa maka.

Kuma mu a nan iska ce tudunmu. Muna da duwatsu da 'yan hawa da gangara, amma ba su ne ke karya mahayi ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na busowa daga arewa maso gabas, tana ƙara ƙarfi da hantsi. Wanda ya nufi Takeita, kilomita 50 ko kusa a yamma, zai tafi yana murna iska na tura shi, ya ɗauka ƙarfinsa ne, sai ya juyo gida a gajiye ya tarar da ita tana jiransa. A nan keken giya ke raba gardama. VTT na yau da kullum yana da faifai 3 a gaba, 6 ko 7 a baya, giya 18 ko 21 ke nan. Mafi sauƙinta tana ba ka kimanin mita 2 a zagayen feda, mafi nauyinta kimanin mita 7. Iska ta taso, ka sauko da giya, ƙafa ta ci gaba da juyawa da sauri ba tare da dannawa da ƙarfi ba. Gudu zai ragu, amma gwiwa ta tsira, kuma za ka iso gida a kan sirdi, ba kana tura keke ba.

Sai batun taya, wanda shi ne ya sa na cire keken tsere daga lissafi. Gaskiya a kan kwalta mai santsi babu kamarsa: kilo 10 ko ƙasa, yana tafiya kamar ba a taka shi. To amma faɗin tayarsa milimita 23 zuwa 28 ne kawai. Kai da kanka ka san daga ƙofar gidanka zuwa bakin kwalta rairayi nawa za ka keta. Siririyar taya nutsewa take yi. Idan babbar mota ta matso ka sauka gefen hanya, nan ma tsidau da ƙayar aduwa ke jira. Bawul ɗinsa siriri ne, famfon yawancin masu faci ba ya kama shi sai da ɗan mahaɗin da ake ɗaura masa, kuma tayarsa in ta yage sau da yawa sai an aika Kano ko Yamai. Doki ne na ranar hawan salla, yana da kyau a ƙofar fada, amma ba shi za ka ɗaura wa kaya zuwa ƙauye ba. Wanda ke son shiga gasa ya saya, wannan wata magana ce daban.

Tayar VTT inci 26 ce, faɗinta kusan inci 2, tana hawa rairayi da burji, bawul ɗinta kuma yawanci irin na babur ne, kowane mai faci zai ba ka iska. Aibinta ƙurajen nan na jikinta, suna gurnani a kwalta suna cin ƙarfi. In ka samu mai santsin tsakiya ka canza, sai ka ji kamar an sake maka keke.

Yanzu inda ake asarar kuɗi. Za ka ga sababbin kekuna masu ƙyalli, da sifirin gaba da wani ƙaton sifirin a tsakiya, da araha mai jan hankali. Ka wuce su. Sifirin na tsakiya yana shanye wani kaso na kowane taku, keken na lilo maimakon tafiya, nauyinsa kuma yakan kusa na Phoenix ɗinka. Tsohon keken Turai na gwanjo mai sandararren jiki, da kayan giya na kamfanin Shimano, ya fi shi nesa ba kusa ba, ko da fentinsa ya koɗe. Ka je da mai gyaran da ka yarda da shi. A ɗaga keken a juya tayoyi a ga ko suna rawa. A bi giya ɗaya bayan ɗaya, kaca na hawa tana sauka ba tsalle. A duba haƙoran faifai: in sun yi tsini sun lanƙwashe, sun ƙare, kuma canza su tare da kaca kuɗi ne. A leƙa duk mahaɗar jiki ko akwai tsaga. Ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu: in ya manne, ƙarfe ne, ana iya walda, in bai manne ba, alminiyon ne, ya fi sauƙin nauyi amma in ya tsage gyaransa a nan da wuya. Girman keken ma ya dace da tsawonka, ka tsaya a kansa ƙafa biyu a ƙasa, sandar tsakiya ba ta taɓa ka ba. Kuma kada kuɗinka duka su ƙare a wurin ciniki, ka bar 'yan jakunkuna na sabuwar taya, robar birki da wayar giya.

A wuri ɗaya tsohon ya fi keken giya, wato ƙura. Kacar Phoenix kauri gare ta, wasu ma a rufe take, ba ruwanta. Ta VTT siririya ce, a buɗe, kuma ƙurar hunturu in ta haɗu da baƙin mai sai ta zama abin da ke cinye haƙora. Goge ta da tsumma bayan kowace doguwar tafiya, ɗiga mai kaɗan, sake gogewa. Wanda ba zai iya wannan ba, gara ya zauna da tsohonsa. Shi ya sa ma na ce ka riƙe shi: buhun hatsi, jarkar ruwa, aiken kasuwa, duk nasa ne, kariyarsa ta ɗaukar kaya ba ta gajiya.

Kafin kuɗin su taru, fara da abin da ke hannunka. Ɗaga sirdi har sai ƙafarka ta miƙe idan ka ɗora diddige a kan feda tana ƙasa. Yawancinmu sirdinmu ya yi ƙasa, shi ke kawo ciwon gwiwa da ake ɗora wa keke. Fita bayan sallar asuba, ka yi Mirya ka dawo, sau da yawa, har ta daina ba ka wahala, sannan ka ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Da hunturu ka fara da fuskantar iska, ta rako ka gida. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙarfe 10 ta same ka a inuwa. Ruwa aƙalla rabin lita kowace awa, da dabino ko ƙuli-ƙuli a aljihu, da famfo, faci, sholisho da tiyub na safaya. Hanyar Tanut kuwa ka bar ta sai ka ƙware, domin matatar mai ta SORAZ na kan ta, kimanin kilomita 50 daga gari, tankokin mai ba sa yankewa. Magarya, kusan kilomita 90, tafiyar kwana ce: ka je, ka kwana, ka dawo washegari, kuma ku kasance ku biyu ko uku.