Filin bakin kanibo a Maraɗi: wanne za ka saya?

Duk sa'ad da meri, wato hukumar magajin gari, ta yanka sabbin filaye kusa da magudanar ruwa, wato kanibo, sai ƴan uwa su dame ni da waya: "Alhaji, in saya ko in bari?" Ni dai amsata ɗaya ce. In za ka zuba gumin goshinka a ƙasa, zuba shi a filin da hukuma ta yi wa lotisma, wato ta yanka ta tsara, da kanta, mai lambar ilo (rukunin filaye) da lambar fili, da takardar meri ta asali a hannunka.

Sai dai ba kowane filin meri ba. Wanda ya manne wa kanibo, bar shi ko da kyauta ne. Maraɗi ta san ruwa: ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka kwashe gari daga fadama aka hau tudu, kuma wanda ya ga ruwan ƙarshen Agustan 2024 ba sai an ba shi labari ba. Kanibonmu kafin damina ta yi nisa ya cika da leda da yashi, ruwa kuwa ba ya tsayawa jira, gidan farko yake faɗawa. Ga sauro, ga wari. Abin da nake so shi ne layi na biyu ko na uku, ta ɓangaren tudu. Ruwanka yana gangarawa ya bar ka, titi yana da faɗin da motar yashi za ta juya, turakun NIGELEC kuma ba sa daɗewa ba su iso ba. Murabba'in mita 400 a nan ya fi mini 600 a gangare. Kada ka je duba fili da rani, lokacin kowane wuri kyakkyawa ne. Je washegarin ruwa mai ƙarfi, ka dubi katangar maƙwabta: layin laka da ya tsaya a jikin bulo ba ya ƙarya.

Gonar gado da takardar mai gari? Arha ce, amma ranar da magada suka taso za ka gane kurenka. Masu lotisma na kansu kuwa, taswirarsu ta fi filinsu kyau.

Inda na ƙone shi ne sayen fili hannu na biyu. Wani dillali mai tasbaha ya kai ni fili, ya nuna mini borni huɗu, wato alamomin iyakar fili, ya miƙo fotokofi, wai ta asali tana wajen mai fili a Damagaram. Na biya. Bayan wata biyu na tarar da bulon wani a jibge, mai gadi yana dafa shayi a ƙarƙashin bedi. Takardarsa ce ke cikin rajista, tawa hoto ce kawai.

Saboda haka fotokofi ba takarda ba ce. Ɗauki ta asali, ka je meri da ƙafarka a buɗe rajista, ka ga suna da lamba sun dace. Kawo mai awon fili naka, don ana tumɓuke borni cikin dare a matsar da su. In aka ce maka "yau kawai, wani Alhaji na jira", tashi ka kaɗe rigarka. In kuma aka nuna maka tsirin ƙasar da ke gefen kanibo aka ce za a "gyara takarda", wannan hanyar jama'a ce, katafila ke zuwa kanta. Ka biya gaban shaidu, a sauya suna nan take, sannan ka fara neman titir fonsiye, wato cikakkiyar takardar mallakar fili, tun ba ka sauke bulo ba.