Gargaɗi ga masu gina shafukan intanet a Zariya: ku guji fakitin ekstenshan da ake sayarwa a zip

Jama'a, akwai wata haja da ke yawo a zaurukan WhatsApp da Telegram na masu koyon gina shafukan intanet. Ta fi kama ɗaliban Samaru da Kongo masu fafutukar kammala furojet, da yaran shagunan kwamfuta na PZ da Sabon Gari waɗanda suka fara karɓar aikin kwastomomi. Mai talla zai ce yana da fakitin ekstenshan na Chrome, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa burauza, guda goma ko ashirin, wai duk na kuɗi ne amma an fasa su, za ka yi amfani da su har abada. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, dubu biyu ko uku, wani ma kyauta yake bayarwa in dai za ka tura tallar zuwa zauruka biyar. Kana biya sai ya turo fayil na zip da ɗan bidiyo: buɗe chrome://extensions, kunna Developer mode, danna Load unpacked, zaɓi foldar. Ya kuma ja kunnenka cewa idan Chrome ya fito da wani gargaɗi ka share shi, wai hassadar Google ce.

Kada ku saya, kada ku karɓa ko da kyauta ne. Wanda ya riga ya saka, ya karanta har ƙarshe kafin ya taɓa kalmar sirrinsa.

Mu fara da hajar kanta. Duba sunayen da ke cikin fakitin: React Developer Tools, Vue.js devtools, Redux DevTools, ColorZilla, WhatFont, WAVE, Web Developer, Wappalyzer. Duk waɗannan ana sauke su kyauta a Chrome Web Store. To me aka fasa? Waɗanda ke da sashen biya kuwa, irin su Wappalyzer da axe DevTools, biyan yana rataye ne da asusunka a wurin kamfanin. Jerin shafuka da bayanan da Wappalyzer ke sayarwa suna kan sabar kamfanin, ba su cikin fayil ɗin da za a turo maka daga wata waya. Google ma ya rufe tsarin biyan kuɗi na Chrome Web Store tun watan Fabrairun 2021. Abin da ke hannun mai tallar kwafi ne na ekstenshan ɗin kyauta, an canza rubutun fuskarsa ya nuna Pro, an cusa ƙarin layukan kod a bayansa. Zai yi aiki lafiya lau, ya nuna maka launi, ya faɗa maka sunan rubutu, shi ya sa ba wanda ke zargin komai.

Tun 2014 Chrome a kan Windows ya daina yarda a saka ekstenshan daga wajen shagonsa ta hanyar da aka saba. Ƙofar da ta rage ita ce Developer mode, wadda aka bar wa masu rubuta ekstenshan domin su gwada nasu aikin. Abin da ya shigo ta nan bai bi ta hannun masu tantancewa ba, kuma ba ya tsayar da kai ya nemi izini kamar yadda na shago ke yi. Duk izinin da aka rubuta a manifest.json, fayil ɗin da ke lissafa abin da ekstenshan ke nema, ya samu kenan daga lokacin da ka zaɓi foldar.

Ga abin da ke faruwa bayan nan. Idan ka shiga cPanel ko wp-admin, inda ake sarrafa shafi, ko GitHub, inda ake ajiye kod, sabar tana ba burauzarka kuki na zama, wanda shi ne shaidar cewa ka riga ka ba da kalmar sirri da lambar tabbatarwa. Kamar katin da mai gadin babura ke ba ka ne a bakin kasuwa: duk wanda ya miƙa katin shi ke fita da babur, ba a tambayarsa takardun saye. Ekstenshan mai izinin cookies tare da <all_urls>, wato izinin shiga kowane shafi, yana iya kiran chrome.cookies.getAll ya kwashe kukis ɗin duk shafukan da ka shiga, har da masu alamar HttpOnly waɗanda JavaScript na cikin shafi ba ya iya gani. Ɓarawon ya ɗora su a tasa burauzar, ya buɗe shafin a matsayinka. Ba a tambayarsa kalmar sirri, ba a turo maka lamba a waya. Nan ne masu cewa "ai na kunna tabbatarwa mai mataki biyu" suke shan mamaki.

Ba kukis kaɗai ba. Kod ɗin da ekstenshan ke cusawa cikin shafi yana karanta abin da kake bugawa a akwatin kalmar sirri, yana karanta localStorage inda manhajoji da yawa ke ajiye token, wato shaidar shiga irin ta kuki, yana kuma ganin duk abin da ya bayyana a allon. Ka buɗe wp-config.php ko .env a File Manager na cPanel, ya ga kalmar sirrin rumbun bayanai. Ka buɗe shafin makullan Paystack ka bayyana makullin da ke farawa da sk_live_, ko na Flutterwave mai farawa da FLWSECK, ya gani. Mai gina shafuka ya fi kowa tsada a wurin ɓarawo, domin laftof ɗinsa ɗaya na iya riƙe shafin makarantar kuɗi a Tudun Wada, da na kantin magani, da na mai sayar da atamfa, da shafin Facebook na kasuwanci mai katin banki a maƙale don talla. Kai ka biya dubu biyu, amanar mutane ce ta tafi.

Wasu masu tallar ba sa tsayawa a folda. Suna haɗawa da setup.exe ko fayil na .bat, wai shi ke kunna lasisi. Wannan ya fi muni, domin ya fita daga burauza ya shiga kwamfutar gaba ɗaya. Yana iya rubuta doka a rajistar Windows ƙarƙashin ExtensionInstallForcelist, sai ekstenshan ɗin ya zauna daram, maɓallin Remove ya ƙi aiki, Chrome kuma ya fara nuna Managed by your organization alhali laftof ɗin naka ne kai kaɗai. Masu aiki da waya su ma su lura: Chrome na Android ba ya ɗaukar ekstenshan. Wanda ya ce zai saka maka a ciki, APK na wata manhaja zai turo, kuma ba ka san abin da ke cikinta ba.

In fayil ɗin yana hannunka, kana iya bincikarsa ba tare da ka saka shi ba. Warware zip ɗin, buɗe manifest.json a VS Code, duba permissions da host_permissions da content_scripts. Ganin <all_urls> kaɗai ba hujja ba ce, domin React Developer Tools na gaskiya ma yana buƙatar shiga kowane shafi kafin ya yi aikinsa. Tambayar ita ce ko izinin ya dace da aikin. Mai gane sunan rubutu me zai yi da cookies? Mai ɗauko launi me ya haɗa shi da history ko clipboardRead ko proxy ko nativeMessaging? Izinin management yana ba shi damar kashe sauran ekstenshan ɗinka, debugger kuma yana ba shi iko irin na DevTools, kayan binciken shafi da ke cikin Chrome, a kan shafin da ka buɗe. Daga nan danna Ctrl+Shift+F ka nemi chrome.cookies, fetch(, atob(, eval(, api.telegram.org da discord.com/api/webhooks a duk foldar. Telegram da Discord hanya ce mai sauƙi ta karɓar kayan sata ba tare da ɓarawo ya sayi saba ba. In ka ga kod cike da sunaye irin _0x3f2a, an dagula shi ne da gangan, kuma Google ya haramta irin wannan a shagonsa tun sanarwar Oktoban 2018. Matse kod don rage nauyi daban ne, an yarda da shi, kuma ana iya warware shi a karanta.

Wani mai tallar zai nuna maka lambar ID ta ekstenshan ɗin, haruffa 32 daga a zuwa p, ya ce ka gwada da ta shago, iri ɗaya ce. Kada wannan ya ruɗe ka. Ana samar da ID daga wani makullin ekstenshan ɗin da kowa zai iya gani, kuma duk wanda ya kwafi wannan makullin ya saka a layin key na manifest.json zai samu ID iri ɗaya a ekstenshan na folda. Abin dubawa shi ne Details na ekstenshan ɗin a chrome://extensions, a sauka zuwa Source. In ya ce Chrome Web Store, daga shago yake. In ya ce Unpacked extension kuma ba kai ka rubuta shi ba, cire shi. Rashin ganin abin zargi a binciken ma ba wanke shi ba ne, domin wasu suna kwana biyu ba su yi motsi ba, sai sun karɓi umarni daga sabar mai su.

Shagon Google ɗin ma ba a miƙe ƙafa a cikinsa. A watan Agustan 2017 an yaudari Chris Pederick, mai Web Developer, da imel na bogi mai kama da na Google, aka karɓe asusunsa, aka fitar da sigar 0.4.9 mai cusa talla ga mutane sama da miliyan 1 kafin ya gyara da 0.5. The Great Suspender an sayar da shi a 2020 ga wanda ba a sani ba, Google ya cire shi a Fabrairun 2021 saboda mugun kod, yana da masu amfani sama da miliyan 2. A Disamban 2024 an yi wa kamfanin tsaro na Cyberhaven irin wannan: imel ya zo wa ma'aikaci cewa ekstenshan ɗinsu ya karya doka, ya danna ya ba wata manhaja mai suna Privacy Policy Extension izini, aka fitar da sigar 24.10.4 mai kwashe kukis, an fi auna asusun tallar Facebook. Harin ya shafi ekstenshan sama da 30. Duk waɗannan sun shigo ne ta sabuntawar da burauza ke yi da kanta ba tare da tambaya ba. Saboda haka masu nasu ekstenshan a shago su yi hattara da imel na barazanar cirewa, da masu zuwa da tayin sayen ekstenshan ko hayar asusun ɗora ekstenshan a shagon, wanda ake buɗewa da dala 5. Sunanka ne a kan asusun.

Gaskiyar magana, rabin abin da ke cikin fakitin ma ba a buƙatarsa. Danna F12 ka buɗe DevTools. Lighthouse, mai auna sauri da ingancin shafi, yana ciki. Ctrl+Shift+M yana nuna shafi a girman waya. Akwatin launi a Styles yana da abin ɗauko launi daga allo, Computed yana nuna rubutun da aka yi amfani da shi a ƙasa, Application yana ba ka damar gyara kukis, Ctrl+Shift+P sannan Capture full size screenshot yana ɗaukar hoton shafi daga sama har ƙasa. Ragowar da ka ga dole ne, ka bi mahaɗin da ke shafin masu shi na asali, kamar react.dev, maimakon bincike da suna a shago inda masu kwaikwayo suka yi yawa. Ka buɗe furofayil biyu a Chrome: ɗaya na gwaji mai ekstenshan, ɗaya kuma babu ko guda, a nan kaɗai za ka riƙa shiga cPanel da banki da imel. A na gwajin ma ka mayar da Site access zuwa On click ga duk wanda zai yarda.

Wanda ya riga ya saka, tsarin matakan yana da muhimmanci. Kada ka canza kalmar sirri a wannan burauzar, sabuwar ma za ta tafi inda tsohuwar ta tafi. Kashe data, cire ekstenshan ɗin, buɗe chrome://policy ka ga ko akwai dokar da ba kai ka saka ba. In ka taɓa kunna setup.exe ko .bat, kwashe takardunka ka sake ɗora Windows, goge-goge ba zai wadatar ba. Sai ka koma wata na'ura mai tsabta ka fara da imel, tunda ta nan ake sake saita komai: canza kalmar sirri, fitar da duk na'urorin da ke ciki, duba Forwarding da Filters ko an saka adireshin da ba ka sani ba. A GitHub ka rufe Sessions, ka soke token da makullan SSH da manhajojin OAuth. A cPanel ka duba asusun FTP, Cron Jobs, API Tokens da masu tura imel. A WordPress ka duba jerin Administrator da Application Passwords, ka leƙa wp-content/mu-plugins domin abin da ke can yana aiki ba tare da an kunna shi ba, sannan ka canza AUTH_KEY da 'yan uwansa a wp-config.php, wannan zai kori duk wanda ke ciki. Ka sabunta makullin sirri na Paystack ko Flutterwave, ka tabbatar asusun bankin da kuɗi ke sauka ba a canza shi ba. A wurin mai rajistar domen ka duba imel ɗin mai shi da kullen canja wuri. A Facebook ka duba masu iko da shafi da tallan da ke gudana.

Ka sanar da kwastomominka a ranar, ko da da nauyi. Alhaji mai makaranta zai fi jure jin labarin daga bakinka a kan ya ji daga iyayen yara cewa shafin biyan kuɗin makaranta yana kai su wani wuri. In kuɗi sun fita, a kira banki nan take a toshe kati. Ka adana hoton tallar, lambar asusun da ka tura wa kuɗi, rasit, da fayil ɗin zip ɗin kansa, kada ka goge shi. Da su za ka kai ƙara EFCC ko cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta rundunar 'yan sandan Najeriya, ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024. Masu kula da zauruka kuma su goge tallar, su cire mai ita, su kuma tambayi waɗanda suka riga suka sauke fayil ɗin ɗaya bayan ɗaya, domin da yawa kunya ba za ta bar su su faɗa a fili ba.